Daga Jakara Zuwa Tafkin Chadi: Wa Zai Biya Kuɗin Gyaran Ruwanmu?

  

Sharhinmu na yau a kan ruwa yake. Ruwan kogi da na tafki, wanda muke sha, muke ba dabbobinmu, muke shayar da lambu da shi. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Gyaran kogi aikin gwamnati ne, kuma yana bukatar kuɗin da ba ya yankewa. Kwangila ɗaya ba ta warkar da kogi.

Bari mu fara da bin ruwan da ƙafa, mu ga inda ya fito da inda ya nufa.

A cikin birnin Kano akwai Jakara. Tsohon rafi ne, a gefensa kasuwar Kurmi ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yau duk wanda ya san Kano ya san abin da Jakara ke ɗauke da shi. Ruwan kwatamin unguwanni, da jini da tumbi daga mayanka, da baƙin mai daga garejin makanikai, da leda ba iyaka. Can gaba sai ya haɗu da rafin Getsi, wanda ke kwaso dagwalon masana'antun Bompai. Su biyun su gangara tare zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir.

A kudancin birni kuma akwai kogin Challawa. Rafin Salanta yana kawo masa abin da masana'antun Sharaɗa suka zubar. Masana'antun yankin Challawa su ma nan suke juye nasu. Daga nan kogin ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda ake tace ruwan da ake tura wa birni a famfo. Ku lura da wannan, jama'a. Ana zuba datti a sama, ana ɗiban ruwan sha a ƙasa.

Kuma ruwan bai tsaya a Kano ba. Ya bi ta Wudil, ya shiga Jigawa ta Ringim, ya isa Haɗeja. Ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru. Ya haɗu da kogin Jama'are, ya zama Komadugu Yobe. Ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, har ya faɗa Tafkin Chadi. Kogi bai san iyakar jiha ba, bai san iyakar ƙasa ba. Matar da ke wanke shinkafa a bakin ruwa a Gashuwa maƙwabciyar mai masana'anta ce a Sharaɗa, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

To, me ke cikin ruwan? Nan zan ɗan dakata, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Jima tsohuwar sana'armu ce, kuma abin alfahari. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara tun ɗaruruwan shekaru. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, da toka, da abubuwan da ƙasa ke iya cinyewa. Jimar zamani daban take. Ana amfani da gishiri mai yawa, da farar ƙasa, da sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan da kuromiyam, wani ƙarfe da ke hana fata ruɓewa. Fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. Ragowar tana bin ruwan wanki ta fita. In ba a tace ba, sai kogi.

Ƙarfe irin wannan ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa. Yana kwanciya a cikin laka. Yana shiga ƙasar lambu, yana taruwa a jikin ganye da kifi. Ku tuna da lambunan da ke gefen Jakara da Getsi, inda ake noma latas da alayyafo da kabeji da karas. Malaman Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello sun daɗe suna auna ruwan nan da ƙasar nan, suna rubuta abin da suka gani. Ba sabon labari ba ne.

Duk yaron da ya yi makarantar allo ya shiga littattafan farko na fiƙihu ya san hukuncin ruwa. Ana duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa. In najasa ta canza ɗaya daga ciki, ba a alwala da shi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ta koya mana girmama ruwa. Addini ya kuma hana yin bahaya a mashaya da fitsari a ruwan da ba ya gudu. Amma gubar zamani ta zo da wata wahalar. Ruwa yana iya zama garau a ido, babu wari, alhali akwai dalma ko kuromiyam a ciki. Ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji. Talaka ba shi da ɗakin gwaji. Gwamnati ce ke da shi.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa na ce aikin gwamnati ne.

Dalili na biyu. Wanda ya ɓata ruwa ba shi ke shan sa ba. Mai masana'anta ya tsimi kuɗin tacewa, asarar ta faɗa kan masunci a Wasai, da makiyayi a Ringim, da uwar da ke jinyar yaro a asibitin ƙauye. Su ba su da hanyar kai masa takardar biya. Dole a samu mai iko a tsakani, wanda zai ce wa na sama ya tsaya, ya kuma tsare haƙƙin na ƙasa.

Kada kuma mu ɗora wa masana'antu laifin duka. Mu ma da namu. Unguwanni nawa ne ake juye masai a kwata idan an ga hadari ya haɗo? Garuruwa nawa ne har yanzu ake bahaya a bakin rafi? A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 3,000. Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Cutar nan ta ruwa take bi. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya zube cikin yini ɗaya, idanu sun faɗa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Yanzu mu gangara ƙasa, zuwa Haɗeja da Nguru, don a can ciwon wata kama ya ɗauka.

An gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Madatsun nan sun yi amfani, babu mai musu. Da su ake noman shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura, da su Kano ke shan ruwa. Amma sun canza halin kogin. Da can, da damina ruwa ya yi ambaliya ya share hanyarsa, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Yanzu ruwa yana tafiya a hankali duk shekara. Laka tana taruwa. Takin zamanin da ya wanko daga gonaki yana ƙara wa ruwan abinci. Wannan yanayi shi ciyawar kachala ke so.

Ku tambayi mutumin Guri ko na Kirikasamma ko na Nguru labarin kachala. Ta toshe hanyoyin ruwa. Ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Kwalekwale ba ya iya ratsa ta. Tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana a cikinta, ya fito da safe ya faɗa wa gero da shinkafa. Sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya su ma sun samu gida. Wani gari ruwa ya ci shi, wani garin a can gaba yana jiran ruwan bai zo ba. Na ga hotunan mutanen ƙauyuka sun yi gayya, ruwa har ƙirji, lauje a hannu, suna yankan ciyawar nan. Wallahi abin a jinjina musu ne. Amma bayan 'yan watanni sai ta dawo.

To, shin gwamnati ba ta yi komai ba? Ta yi. Adalci ne a faɗa.

Tun 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1981 aka buɗe asusun kula da muhalli na tarayya, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin da ake rabawa duk wata. Bayan an gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, sai aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa. A 2007 aka kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da masana'antun fata. Doka ta ce a tace dagwalo kafin a sake shi.

Akwai kuma wani yunƙuri da nake ganin ya fi kowanne hangen nesa. A 2006 aka yi taro a Damaturu, zamanin Shugaba Obasanjo. Jihohi shida da ke shan ruwan nan suka zauna: Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato. Suka amince da kafa asusun amana na haɗin gwiwa domin kula da kogin daga tushe har ƙarshe. Kowace jiha ta yi alkawarin naira miliyan 100, tarayya ta yi nata alkawarin. Tunani ne mai kyau ƙwarai, domin ya ɗauki kogin a matsayin abu guda. Daga baya Jigawa ta sayi motocin haƙa masu shiga ruwa domin yashe kogin Haɗeja. Sannan ga shirin farfaɗo da ƙasa da ruwa mai suna ACReSAL, da rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja.

Hukumomi akwai, dokoki akwai, an ma kashe kuɗi. Me ya sa Getsi bai canza launi ba?

Ga amsata. Mun iya farawa, ba mu iya riƙewa ba. Kuɗin gyaran ruwa a wurinmu zuwa yake kamar ruwan bazara, a yi yayyafi ɗaya ƙura ta kwanta, sai kuma a shiga jira. Gwamna ya zo da sha'awar abin, a yi. Ya tafi, a manta. Mai ba da tallafi ya zo da shirin shekara biyar, a sayi motoci, a yi taruka. Shekarun suka cika, sai ofis ya koma shiru. An sha sanar da shirin gina matatar dagwalo ta haɗin gwiwa domin Challawa da Sharaɗa da Bompai. Ni ba ranar yanke ƙyalle nake jira ba. Ina jiran ranar da za a ɗebi ruwan Salanta a auna, a faɗa wa jama'a sakamakon.

Bari in kai ku wurare biyu a waje, ku ga abin da nake nufi.

Na farko Kanpur, a ƙasar Indiya, a bakin kogin Ganga. Garin majema ne kamar Kano, da ɗaruruwan masana'antun fata a unguwar Jajmau. A 1986 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da babban shirin tsabtace kogin. Aka gina wa majeman matata guda ta haɗin gwiwa. Amma masana'antu suka ƙaru, dagwalo ya fi ƙarfin matatar. Ga ɗaukewar wuta, ga gardamar wanda zai biya kuɗin gudanarwa. Kuromiyam ya ci gaba da shiga kogi da gonaki. A 2014 sai da aka sake buɗe sabon shiri da maƙudan kuɗi. Kafin bikin addinin Hindu na Kumbh a 2019, sai da aka rufe masana'antun na watanni, dubban ma'aikata suka zauna a gida. Darasin a fili yake. Gina matata rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne wutar lantarki, da sinadarai, da albashin ma'aikata, da gyaran famfo idan ya lalace, kowace rana ta Allah.

Na biyu jihar Minnesota a Amurka, wadda ake wa laƙabi da ƙasar tafkuna 10,000. A can kogin Mississippi ya samo asali. Su ma sun ga ruwansu yana lalacewa da takin gona da dattin birni. A zaɓen 2008 aka tambayi mutanen jihar ko sun yarda a ƙara musu harajin saye da sayarwa domin ruwa da muhalli da al'adu. Ƙarin ɗan kaɗan ne. In da a kuɗinmu ne, naira 375 ke nan a cinikin naira 100,000. Mafi yawansu suka ce sun yarda. Aka rubuta abin a kundin tsarin mulkin jihar, na tsawon shekara 25, har zuwa 2034. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yana shiga asusun tsabtar ruwa kai tsaye.

Abu biyu suka burge ni a tsarin nasu. Na ɗaya, an rubuta cewa kuɗin nan ƙari ne a kan wanda aka saba warewa. Ba a yarda gwamnati ta fake da shi ta janye nata ba. Na biyu, sun raba jihar zuwa manyan yankunan magudanar ruwa 80, suna zagayawa suna auna kowanne cikin shekara goma, suna buga sakamakon kowa ya gani. Gwamnoni sun zo sun tafi, asusun yana nan. Ban ce sun gama ba. Har yanzu akwai tafkuna da rafuka da yawa a jerin marasa lafiya a can. Amma sun san wanne ne ba shi da lafiya, sun san abin da ke damunsa, kuma sun san akwai kuɗin magani a baɗi.

Na san abin da wani zai ce. Malam, mutane na fama da abin sa wa a baka, kai kana maganar haraji? Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ni ma ban zo neman a ƙara wa talaka nauyi ba. Abin da na ɗauko daga Minnesota shi ne dawwamar kuɗin da kuma bayyana shi. Mu muna da kuɗin muhalli da ke shigowa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata. A yanke wani kaso sananne daga ciki, a rubuta a doka, a ce na koguna da tafkuna ne. A ɗaure shi yadda sabon gwamna ba zai kwance da alƙalami ɗaya ba.

Sannan wanda ya ɓata ya biya. Babbar masana'anta ta tace nata, a kuma riƙa dubawa ba tare da sanarwa ba, da dare da rana. Ƙananan majema da marina, waɗanda ba su da ƙarfin gina matata, gwamnati ta gina musu ta haɗin gwiwa, su riƙa biyan daidai abin da suka zubar. Akwai ma hanyar kwato kuromiyam daga ruwan jima a sake aiki da shi, wanda ke rage wa mai masana'anta kuɗin saye. Ba na goyon bayan a wayi gari a garƙame masana'antu. Mun ga yadda rufewar masaƙun Kano da Kaduna ta jefa iyalai cikin wahala. Ana iya riƙe sana'a a kuma riƙe kogi, in akwai mai sa ido da ba a saye shi.

Kuma talaka ai yana biya tun yanzu. Yana biya a wurin mai kurar ruwa. Yana biya a kuɗin ruwan leda, da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti. Hukumar ruwa ma tana biya, domin gwargwadon dattin kogi, gwargwadon alam da sinadarin da za ta saya ta tace. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Saura manomin lambun da ke bakin Jakara. Kada a mai da shi abokin gaba. Bai zaɓi baƙin ruwa don yana so ba, shi ne ruwan da ya samu. In an ce ya daina, a ba shi rijiyar burtsatse ko wani filin. In ba haka ba, za a kore shi da safe ya dawo da yamma, don yana da bakuna a gida.

Ina sake faɗa, jama'a. Gyaran kogi aikin gwamnati ne, kuma yana bukatar kuɗin da ba ya yankewa, da awon da ake faɗa wa mutane.

To, masu sauraro, ga abin da nake roƙonku. Ƙarshen kowace shekara gwamnoni suna kai kasafin kuɗi majalisa. Ku nemi ɗan majalisarku, ku yi masa tambaya uku. Nawa jiharmu ta karɓa na kuɗin muhalli bana? Nawa aka kashe a kan kogi ko tafki? Yaushe aka auna ruwan garinmu, kuma ina sakamakon? Ku tambaya cikin ladabi, amma ku nace. Masu unguwanni da dagatai, ku ne kuka san bututun da ake buɗewa da tsakar dare, ku kai rahoto. Limamai da fastoci, ku sa maganar ruwa a wa'azi. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta daga Wudil har Gashuwa, ku haɗa murya ɗaya. Iyaye mata, kafin gyara ya zo, a tafasa ruwan sha, a wanke ganye da ruwa mai tsabta, a hana yara wanka a inda ruwa ya canza launi.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.